Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar da aka ce in yi gwaranci

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan tarihi. Makon jiya mun tsaya inda Hajiya, kakata ta wajen uba, ta sauko daga fushin shekara uku da ta yi da Baba saboda ya auro mata malamar makaranta daga Indiya. Yau zan tsallake shekaru masu yawa in kai ku farkon 2008, ina aji biyu a jami'a.

Amma sai na fara gaya muku irin Indiyar da Umma ta fito, don in ba ku san wannan ba, ba za ku gane abin da ya sa ni kuka ran nan ba. Umma 'yar jihar Kerala ce, can ƙarshen kudancin ƙasar, daga wani gari a bakin teku kusa da Kalikut. Musulmi ne tun kaka da kakanni, fataken Larabawa suka kai musu addini ta jirgin ruwa. Ta zo cikin ayarin malaman Indiya da gwamnatocin jihohin Arewa suka riƙa ɗauka a shekarun 1970 da 1980 don koyar da lissafi da kimiyya. Harshenta Malayalam, ba ya kama da Hindin da ake yi a fim ko kaɗan, kuma daga garinsu zuwa Bombay tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce a mota. Su ma "Umma" suke kiran mahaifiya. Har irin ajaminsu gare su, suna rubuta harshensu da baƙaƙen Larabci, kuma wannan na cikin abin da ya fara tausasa zuciyar Hajiya. Umma ba fara ba ce, Baba ma ya fi ta haske. Ba ta taɓa sa ɗigo a goshi ba.

To ku dubi wannan, ku dubi Gangare, unguwar da na tashi a ciki a garin Jos, inda kusan kowane gida akwai mai son fim ɗin Indiya kamar ransa. Ina ƙarama matan unguwa kan shigo da kaset su ce Umma ta fassara musu waƙa. Ta saurara, ta ce wallahi ba ta ji sai kalma ɗaya biyu. Da kunnena na ji wata tana fita tana cewa, "Anya wannan Ba'indiyar gaske ce?" Ni kuwa na ɗauko launin Baba da gashin Umma. A Islamiyya sunana 'yar Indiya. Masu mutunci su ce ruwa biyu. Wata tsohuwa ta taɓa ce mini barbarar yanyawa a gidan suna, sai da na girma na san nauyin maganar.

Duk da haka ina son fim ɗin Hausa, har gobe ina so. A lokacin, bayan tsaurin da hukumar tace fina-finai ta Kano ta yi daga 2007, masu shirya fim da yawa sun karkato Kaduna da Jos. Dama Jos tsohuwar hannu ce a harkar, nan hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Ƙasa take, ga duwatsu ga sanyi ga wuraren ɗaukar waƙa. Ƙawata tana da yaya mai riƙe fitila a wajen ɗauka. Shi ya kawo saƙo cewa wani furodusa yana nemana, akwai rawar da ni kaɗai zan iya takawa a duk garin. Kwana biyu ban yi barci ba don murna. Ban gaya wa kowa a gida ba, na ce lacca gare ni ranar Asabar.

A wani gida suke ɗauka, ta wajen duwatsun Shere. Mutumin ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini lemo. Ya ce labarin ɗan Alhaji ne da ya je karatu Indiya ya dawo da mata, uwargida ta tayar da ƙura. Ni ce amaryar. Aka zaunar da ni, mai kwalliya ta fara shafa mini hoda, ta shafa ta ƙara, har fuskata ta rabu da wuyana. Ta ɗauko jan ɗigo ta manna mini a goshi. Na ce mata mahaifiyata ba ta sa wannan. Ta ce, "Haba 'yar'uwa, ai shi ne Indiyancin."

Sai aka miƙo mini takarda. Layina na farko: "Ni yana son ka, miji na ni."

Na ɗago na ce, "Yallaɓai, ai ina jin Hausa. A Gangare aka haife ni. Ummata ma ta shekara ashirin da wani abu a nan, har karin magana take yi."

Ya yi murmushi, ba da mugunta ba, ya ce, "Ƙanwata, 'yan kallo ba su san wannan Indiyar taki ba. Wadda suka sani ita za mu ba su."

Na ce to a ba ni wata rawar, ko ƙanwar miji, ko ƙawar uwargida. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya kalli gashin da aka sa na saki, ya ce, "Wa zai yarda ke Bahaushiya ce?"

Wanda ba ɗan Jos ba ba zai san inda maganar nan ta soke ni ba. Kakan Baba haƙar kuza ta kawo shi daga ƙasar Kano tun zamanin Turawa, a nan ya mutu, a nan aka binne shi da ɗansa. Amma mun tashi muna jin ana ce mana baƙi, 'yan ci-rani. Na ga yadda yayana ya yi ta zarya a kan takardar shaidar zama ɗan asali lokacin da zai nemi aiki. Ina da shekara goma sha huɗu a rikicin Satumbar 2001, na kwana a ƙarƙashin gado ina jin harbi, kuma a daren nan ba wanda ya tambaye ni rabina nawa ne Hausa. A waje an ce Bahaushe ba ɗan gari ba ne. Yau ga ɗan'uwana Bahaushe yana ce mini ni ma ba tasu ba ce.

Kunya ta hana ni tashi. Aka kunna kyamara, na faɗi layin. Duk ɗakin ya fashe da dariya, darakta ya ce, "Yauwa! Haka nake so." Ni kuwa muryar da na ji ta fito daga bakina ta yaran unguwa ce, lokacin da suke bin Umma a baya in za ta kasuwar Taminus suna kwaikwayon maganarta, tana tafe tana riƙe da hannuna kamar ba ta ji. Na ɓamɓare ɗigon, na ɗaure gashina, na ɗauki mayafina. Suna kira ban waiwaya ba.

Ba na riƙe da mutumin nan a zuciya. Shi ma a gidan siliman ya tashi, kuma Indiyar da aka nuna masa farare ce zalla masu rawa a cikin furanni. Masu launin Umma miliyoyi ne a can, amma ba kasafai nasu fina-finan na Hindi ke ba su matsayin jaruma ba. Abin da ke damuna shi ne ga matar nan a gabansu, tana koyar da 'ya'yansu, tana zuwa musu gaisuwar mutuwa, amma ba wanda ya ga labarinta ya isa a yi fim da shi.

Na isa gida da la'asar, hodar na nan a fuskata. Umma na gasa gurasar shinkafa irin ta garinsu, Hajiya na kan tabarma da carbi. Ban iya ɓoyewa ba, na faɗa musu komai ina kuka. Umma ta jiƙa tsumma ta riƙa goge mini fuska, ba ta ce uffan ba. Hajiya ce ta ajiye carbin.

"Shi wannan yaron ɗan gidan wa ne? Ki ce masa ya zo in nuna masa bayan ɗakin da na binne cibiyarki da hannuna." Ta juya wajen Umma, "Ke kuma Malama, daina kuka a kan gurasa, za ta ƙone."

Muka yi shawara Baba ba zai ji ba. Abin da ban sani ba shi ne wani cikin ma'aikatan ya ɗauke ni hoto da wayarsa, da ɗigo a goshi da gashi a sake. Kafin Juma'a ta zagayo, hoton ya bi ta bulutut daga waya zuwa waya har ya isa majalisar su Baba a bakin masallaci.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.