Matar da ke kuka a bakin kogi, daga Teksas zuwa Garwa

A daminar bana, lokacin da kogin Binuwai ya cika a nan Garwa, arewacin Kamaru, har ya shanye gonakin bakin gaɓa, ƙanena da ke karatu a Amurka ya aiko wa yaran gidanmu wani ɗan littafi na labaran ban tsoro, irin waɗanda 'yan asalin Meziko mazauna Amurka suke ba 'ya'yansu. An buga kowane labari sau biyu, da Turanci da kuma Sifaniyanci. Da yake ina ɗan taɓa Turanci, nakan karanta da rana, idan an idar da sallar isha'i kuma sai mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida in ba su shi da Hausa.

Sai da na bibiyi tarihi na gane dalilin wannan bugu na harshe biyu. A 1848, bayan yaƙi tsakanin ƙasashen biyu, Meziko ta sa hannu a yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo, ta bar wa Amurka yankuna masu faɗi da suka haɗa da Kalifoniya, ta kuma amince kogin Rio Grande ya zama iyakarta da Teksas. Dubban iyalai masu jin Sifaniyanci suka kwana a Meziko suka wayi gari a Amurka ba tare da sun ɗaga ko tukunya ba. A 1918 Teksas ta kafa dokar koyarwa da Turanci zalla, aka daɗe ana hukunta yaran da suka yi yarensu a makaranta, sai a 1968 Amurka ta yi dokar tallafa wa karatu da harshe biyu. Haka aka tashi da jikoki masu jin maganar kakarsu, amma idan ka miƙa musu takarda da harshenta sai su yi turus.

Labarin da ya fi kama yaranmu shi ne na La Llorona, ana furta shi La Yorona, ma'ana mai kuka. Wata kyakkyawar mace ce da mijinta ya juya mata baya, baƙin ciki ya rufe mata ido har ta jefa 'ya'yanta a kogi, da hankalinta ya dawo kuwa aikin gama ya gama. Tun daga ranar, in ji masu labarin, take yawo da farin tufafi a bakin ruwa cikin dare, tana kukan "Ay, mis hijos", wato wayyo 'ya'yana, kuma duk yaron da ta tarar a gaɓa sai ta ɗauka nata ne ta tafi da shi. Ina kawo nan, 'yar wana mai shekara tara ta matso ta riƙe gefen zanena ta ce, "Gwaggo, ita ma tana zuwa Binuwai?" Kafin in amsa, mahaifiyarmu da ke jan carbi a ƙofar ɗakinta ta ce, "Ke dai kada ki je wanka bayan la'asar, ko tana zuwa ko ba ta zuwa." A ganina Hajiya ta fi ni fahimtar labarin, domin iyayen da ke zaune kusa da koguna da magudanan ban ruwa na Teksas suna tsoron ruwa ya ci musu yara kamar yadda muke tsoro a nan, inda ga ƙarfin igiya ga dorina.

Akwai kuma La Lechuza, mayyar da ke rikiɗa ta zama ƙatuwar mujiya mai fuskar tsohuwa, tana yin fito da baki a waje don ta jawo mutum ya leƙo. Wannan bai ba yaran mamaki ba, don mu ma ba ma son kukan mujiya a kan soro. El Cucuy kuwa, wanda ke ɗauke yaro mai ƙin barci ko ƙin jin magana, ban ma ƙarasa bayani ba suka haɗa baki suka ce ai Dodo ne. Labarin budurwar da ta saɓa wa uwarta ta tafi gidan rawa, ta yi ta rawa da wani kyakkyawan baƙo har ta duba ƙasa ta ga ƙafafun kaza, na rage masa kaifi saboda ƙanana. Kullum kuma nakan tuna musu cewa tatsuniya ce, kariya tana wurin Allah, mu yi addu'ar kwanciya sannan a watse.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne halin da yaranmu na Garwa suke ciki. 'Yar wan nawa tana Hausa a gida, tana Fulatanci a kasuwa da wurin wasa, tana karatu da Faransanci a makaranta, amma da na rubuta mata "ƙurunƙus" a takarda sai ta tsaya tana kallon harafin mai lanƙwasa kamar ba ta taɓa jin kalmar ba, alhali da ita Hajiya ke rufe mata tatsuniya tun tana goye. Ni kam ban taɓa riƙe littafin yara da ya jera Hausa da Faransanci kafaɗa da kafaɗa ba, kuma wannan rashi yana damuna ƙwarai.

Saboda haka na sayi littafin rubutu mai shafi ɗari, na fara zama da Hajiya da hantsi tana faɗa ina rubutawa, Hausa a hagu, Faransanci a dama. Mun gama tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi guda biyu da ta yarinyar da ta yi wa Dodo alkawari a bakin rafi. Kalmar Dodo ta ba ni wahala, don duk abin da na gwada da Faransanci ya fito kamar wani baƙon halitta daga dajin Turai, sai na bar ta yadda take, kamar yadda masu wancan littafi suka bar Cucuy a shafin Turancinsu. Jiya da dare 'yar wana ta ɗauki littafin ta zauna kusa da fitila, ta bi layin farko da yatsa a hankali, ta karanta "Ga ta nan, ga ta nan ku", Hajiya ta ajiye carbinta ta amsa mata, "Ta zo mu ji ta."