Inda muka kai a duba majiyyaci daga kai zuwa ƙafa

'Yan uwa ɗalibai, awon farko dai ya zauna a hannun yawancinmu: zafin jiki digiri 36.5 zuwa 37.5 a ma'aunin Salshiyas, bugun jini 60 zuwa 100 a minti ɗaya, numfashi 12 zuwa 20 ga baligi. Abin da ya rage shi ne haɗa duban gaba ɗaya ba tare da an tsallake wani sashe ba, kuma nan ne ake ta tuntuɓe.

A wanke hannu, a ja labule, a yi sallama, a tambayi cikakken suna a gwada da na fayil. Gaisuwar ma awo ce. Idan ka ce "Baba, ina kwana, yau wace rana ce, ina muke yanzu?" ka riga ka auna hankalinsa da maganarsa. Wanda bai farka sosai ba sai a koma ma'aunin Gilasgo, wanda ke auna matakin farkawar majiyyaci: buɗe ido maki 4, magana 5, motsi 6, jimla 15, mafi ƙanƙanta 3.

Kurakurai biyu sun fi maimaituwa a awon. Na farko, gaya wa majiyyaci za a ƙirga numfashinsa. Da ya sani zai canza shi. Ka bar yatsunka a wuyan hannunsa kamar kana ƙirga bugun jini, idonka na kan ƙirjinsa. Na biyu, ɗaura ƙaramin maɗaurin na'urar awon hawan jini a babban damtse, wanda ke sa awon ya fito sama da yadda yake. Ya huta minti 5 tukun, damtsen kuma ya yi daidai da saitin zuciya.

A kai, haska tocila a kowane ido, ɗigon tsakiya ya tsuke, biyun su zo daidai. A nan ya kamata a dakata, domin alamomin da littattafai da yawa ke kwatantawa na farar fata ne. Baƙar fata ba ta nuna ɗashewa ko ja a fili. Ƙarancin jini sai ka ja fatar ido ta ƙasa, ka duba harshe da dasashi da tafin hannu. Shawara kuma a farin ido ake ganinta, gara a hasken rana, don ƙwan lantarki na ɓoye ta. Lalle da jan farce ma suna hana ganin dawowar jini, wanda ya kamata ya dawo cikin daƙiƙa 2 bayan ka danna farce na daƙiƙa 5. Idan hannu ya sha lalle, nemi yatsan da bai taɓa ba. Na'urar auna iskar oksijin a jini da ake maƙalawa a yatsa tana iya nuna lamba sama da gaskiya a baƙar fata, saboda haka 95 a fuskar na'ura ba ta goge haki da ka gani da idonka ba.

Ƙirji ana saurarensa hagu da dama bi da bi, a kan fata, ba ta saman riga ba. Bugun zuciya ya fi fitowa tsakanin haƙarƙari na 5 da na 6 a hagu, saitin tsakiyar ƙashin wuya. Idan bugun ba ya tafiya daidai, a ƙirga minti cikakke.

Ciki yana da nasa tsari: a duba, a saurara, a ƙwanƙwasa, sannan a danna. Wanda ya fara da dannawa ya motsa hanji, ƙarar da zai ji ba ta asali ba ce. Wurin da ke ciwo shi ake taɓawa a ƙarshe. Kafin a rubuta cewa hanji ba ya ƙara, sai an saurara har minti 5. Mai robar fitsari a duba jakarsa. Ƙasa da mililita 30 a awa ga baligi abin kai rahoto ne. Wurin allurar ƙarin ruwa kuma a taɓa, ko ya kumbura ko ya yi zafi.

Ƙafa: danna ƙwauri na daƙiƙa 5 ka ga ko ya lotsa, nemi bugun jini a bayan ƙafa, mai ciwon suga a buɗa tsakanin yatsunsa. Sha-raɓa ɗaya da ta kumbura tana zafi kada a murza ta, gudan jini na iya ɓallewa zuwa huhu; a kira likita.

Bayan majiyyaci shi aka fi tsallakewa, saboda juya shi na buƙatar mutum biyu. A nemi na biyun. Ƙasan huhu ta baya ake jinsa, kumburin wanda ya daɗe a kwance a gindin baya yake taruwa, gyambon kwanciya kuma a can da dunduniya yake farawa. A fatarmu zai zo da duhu fiye da kewayensa, da tauri ko ɗumi, sai an sa hannu. Atisayen mako mai zuwa a kan wannan juyin ne, kowa ya zo da abokin aikinsa da agogo mai nuna daƙiƙa.