Asabar, 16 ga Mayu 2015, Edinbura

Yau aka buɗe babban taron shekara na Cocin Sikotland, kuma tun safe na tafi zauren taron da ke kan tudun Mound. Na wuce ta farfajiyar da gunkin John Knox, jagoran gyaran cocin Sikotland, yake tsaye, hannu sama, na hau benen da aka ware wa 'yan kallo. Daga can ana ganin komai: fastoci da dattawan ikilisiya cike da kujeru, shugaban taro a tsakiya, wakilin Sarauniya a nasa benen a bayansa. Wakilin baƙo ne mai daraja, amma ba shi da ƙuri'a, domin cocin nan ba ta yarda sarauta ta sa baki a harkarta ba. Sabon shugaban taron, Fasto Angus Morrison, shekara ɗaya kawai zai yi ya sauka, kamar waɗanda suka gabace shi.

Maganar da kowa ya zo dominta ita ce ko za a yarda a naɗa fasto wanda yake zaman tare da ɗan jinsinsa, irin zaman da dokar ƙasa ta yi wa rajista. Rigimar ta taso ne tun 2009, bayan da wata ikilisiya a Abadin ta kira Fasto Scott Rennie, wanda yake tare da ɗan jinsinsa. Shekara shida ke nan ana kwamiti bayan kwamiti. A tsakani wasu sun gaji sun fita, har da babbar ikilisiyar St George's Tron ta Gilasgo a 2012.

Cocin tana da wata tsohuwar doka ta 1697 da ta hana babban taro sauya abu mai nauyi shi kaɗai. Sai an mayar wa majalisun gundumomi sun duba tukuna. An mayar, 31 suka amince, 14 suka ƙi. Yau aka kaɗa ƙuri'ar ƙarshe: 309 suka ce e, 182 suka ce a'a. Da aka karanta adadin ba wanda ya yi shewa. Su a nan ko abu ya yi musu daɗi ba sa tafi, ƙafa suke bugawa a kan katako, amma wannan karon ko hakan ban ji ba. Wani dattijo a ƙasa da ni ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin rigarsa.

Abin da aka zartar yana da sarƙaƙiya. Cocin ta ce koyarwarta kan aure tana nan yadda take, tsakanin namiji da mace. Amma duk ikilisiyar da ta ga dama, dattawanta na iya zama su yanke cewa su za su kauce wa wannan matsayi, su kira irin wannan fasto. Wato an bar kowa a cikin gida ɗaya, kowane ɗaki da dokarsa.

Na gane dalilin, kuma ban raina shi ba. Mutanen nan sun san zafin rabuwa. A watan Mayu na 1843 fastoci sama da 450 suka fice daga cocin nan, Thomas Chalmers a gaba, suka bar gidajen fasto da albashinsu, don sun ƙi yarda mai gona ya ɗora wa ikilisiya faston da ba ta zaɓa ba. Sai a 1929 mafi yawan magadansu suka dawo. Wanda kakanninsa suka sha wannan, dole ya yi taka-tsantsan. Kuma 'yancin da aka yi wancan faɗan dominsa, wato ikilisiya ta zaɓi makiyayinta, shi ne aka jingina da shi yau.

Duk da haka raina bai kwanta ba. Ni a koyarwar da na taso cikinta nake, ban motsa ba, amma ba wannan ne ya fi damuna yau ba. A ganina taron bai kashe wutar ba, ya dai rarraba ta ne zuwa ƙananan ikilisiyoyi. A zauren nan, wanda ya sha kaye zai hau jirgin ƙasa ya koma gida, ba lallai ya sake ganin wanda ya kayar da shi ba sai baɗi. A ƙauye kuwa, dattawan da za su zauna su ɗaga hannu maƙwabta ne, surukai ne, sun yi jana'izar iyayen juna. Wataƙila ɗaya daga cikinsu ɗansa ne ake magana a kai ba a kama suna ba. Su aka bar wa nauyin.

Da yamma na kira Baba, tunda shi ma dattijon ikilisiya ne a gida, na ba shi labari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, waɗanda suka ce a'a, sun fita?" Na ce, "A'a Baba, sun zauna, an ci gaba da sauran ayyukan taro." Ya ce in bari sai ranar da wani fasto ya yi ritaya aka zo neman sabo, a nan za a san ko sun zauna. Ya tuna mini cewa cocin nan ta amince a naɗa mata fastoci tun 1968, kuma har yanzu akwai ikilisiyoyin da ba su taɓa kiran mace ba, ba tare da an kore su ba.

Faston majami'ar da nake zuwa a nan ya kusa ajiye aiki, kuma na san dattawa biyu a cikinta da ba za su ɗaga hannu tare ba. Gobe bayan sujada zan tambayi ɗaya daga cikinsu yadda suke shirin zaman.