Laraba, ranar da na yanka sandar furen anko

Tun kafin kiran assalatu na farka, don a zafin Afrilu ba ni da lokacin aiki sai sassafe. Da rana ta ɗaga yumɓun roba yakan saki jiki, ya riƙa manne wa yatsu, duk inda ka taɓa sai ka bar masa shaidar hannu. Ina idar da salla na goge tayil ɗina, na ɗauko sandar da na gina jiya daga firij, wato mulmulallen yumɓu mai zanen fure a ciki tun daga wannan baki har wancan, yadda kowane yanka zai fito da furen.

Aikin na ƙawayen amarya ne, 'yan kunne na mutum 24, kuma so ake su dace da atamfar ankon da aka sayo a Kantin Kwari: shuɗi mai duhu kamar rinin baba, da fure ruwan goro, da ɗigo-ɗigon fari. Haɗa launin kaɗai ya ci mini kwana uku. Yumɓun nan yakan ɗan sauya kala idan ya gasu, shi ya sa kowane haɗi sai na gasa ɗan guntu na kara shi da ƙyallen a hasken tsakar gida. Ganyen furen kuwa da dabarar Judith Skinner na yi shi, wata 'yar Amurka da ta gano cewa idan ka haɗa falle biyu masu kusurwa uku, ka ninke, ka yi ta murzawa a injin taliya kamar sau ashirin, launi ɗaya zai narke cikin ɗaya ba tare da an ga mahaɗa ba. Injin irin na 'yar murji ne da kowa ya sani, sai dai nawa ya yi sallama da fulawa tun ranar da ya taɓa yumɓu.

Sandar da na gina ta kai kaurin gwangwanin madara. Yau aikina in rage ta. Ana matsawa daga tsakiya, a juya, a ja a hankali, a sake juyawa, har ta koma kaurin ɗan yatsa. Furen yana ciki yana ƙanƙancewa, kai kuma ba ka ganinsa, hannu ne kawai ke gaya maka ko wani gefe ya fi wani laushi. Shekara shida ina wannan aiki, amma har yau idan na ɗora reza sai gabana ya faɗi. Bakin sandar kullum a murɗe yake, na yanke na ajiye. Yanka na uku sai ga fure ya fito sarai, ganye biyar, ɗigon fari a tsakiya bai goce ba. Na daɗe ina kallonsa ina hamdala.

A nan Inna ta shigo da kofin kokonta. Ta sa tabarau ta duƙa, ta ce, "'Yar nan, yanka wani in gani." Na yanka. Ta ce in ƙara. Sai ta fita ba ta ce komai ba, can ta dawo da ƙullin tsumma daga ƙasan akwatinta. Dutsen wuya ne guda ɗaya, na gilashi, dogo, gefensa ya goge saboda daɗewa, jikinsa duk ƙananan furanni ja da rawaya. Na mahaifiyarta ne. Ina riƙe shi na gane irin na Venice ne ta ƙasar Italiya, wanda suke kira millefiori, wato fure dubu. Maƙeran gilashi na can su ma sanda suke ginawa, su ja ta da zafinta, su yayyanka, kuma irin waɗannan duwatsu sun shigo Afirka ta Yamma da yawa ta hannun 'yan kasuwa a ƙarni na 19 da farkon na 20. Na sha ganinsu a hoto, ban taɓa sanin akwai ɗaya a gidanmu ba. Na yi wa Inna bayani, ta ce, "Ashe sana'ar taki tsohuwa ce." Ita ce fa wadda da na bar koyarwa na rungumi wannan aiki ta yi wata guda tana ce mini na koma wasan 'yartsana.

Kuma ba ta yi nisa da gaskiya ba. Fimo, wato irin yumɓun robar da nake aiki da shi, daga gidan 'yartsana ya fito. Fifi Rehbinder, 'yar Käthe Kruse mai ƙera 'yartsana a Jamus, ita ta sarrafa haɗin, ta sayar wa kamfanin Eberhard Faber a 1964.

Ƙarfe goma na jera furannin da na yayyanka a tayil, na kifa musu kwano don kada samansu ya ƙone, na sa a obin. Zafin da ake so digiri 110 ne a ma'aunin Celsius na minti 30, kuma da ma'aunin zafi na daban nake aiki, don lambar jikin obin ɗina ba ta da alƙawari. Ana minti 12 aka ɗauke wuta. Raina ya ɓaci sosai. Wanda bai gasu ba a ido lafiya lau yake, amma kana lanƙwasa shi zai karye kamar biskit. Sauƙin abin, ana iya sake gasawa daga farko, don haka na bar su a ciki ban taɓa ba.

Ina wannan jira yayar amarya ta kira. Ta ce, "Haba ƙanwata, ai roba ce, ki rage mana." Maganar ta sosa mini rai. Na ce, "Anti, gaskiya ne roba ce, amma furen nan ba bugawa aka yi ba, da hannu aka gina shi ganye-ganye." Na tura mata bidiyon yankan safe. Kowane ɗan curin yumɓun mai giram 57 daga waje yake zuwa, sai ya biyo ta Legas, kuɗinsa kuma yana bin dala. Ban gaya mata wannan ba, don ba na son a saya saboda tausayi. Bayan azahar ta rubuto cewa a bar shi yadda muka yi, a ƙara mata nata guda.

Wuta ta dawo bayan la'asar. Na sake gasawa, suka huce, na lanƙwasa ɗaya ya dawo daidai bai tsage ba. Daga nan sai gogewa da samfefa a cikin ruwa, da huda, da sa ƙugiya. Zuwa isha na gama na mutum 19, babban yatsana ya yi ja yana zafi.

Inna ta bar mini dutsen har Juma'a. Na ƙirga zoben launin da ke cikin fure ɗaya, huɗu ne: fari a tsakiya, sai ja, sai wani siririn fari, sai rawaya. Ina da sauran ja rabin curi. Idan na gama na mutum shidan da suka rage gobe da safe, zan gwada gina shi.