Samun sys/xattr.h Bai Isa Hujja Ba

Mai rubuta manhaja da harshen C da ke son karanta ƙarin bayanan da ake liƙa wa fayil, waɗanda ake kira xattr, yakan fara tuntuɓe tun daga zaɓen fayil ɗin heda, wato fayil mai ƙarewa da .h da ke bayyana ayyukan da za a kira. A Linux, tsofaffin manhajoji da yawa sun dogara da attr/xattr.h na libattr, laburaren da ke kula da xattr, har sai da sigar attr 2.4.48 ta cire shi a 2018, tun da glibc, babban laburaren C na Linux, ta daɗe tana samar da sys/xattr.h. Gyaran ba shi da wuya, sai dai ENOATTR, lambar kuskure mai nuna cewa ba a samu xattr ɗin da aka nema ba, babu shi a sys/xattr.h, don haka sai a ɗauko shi daga attr/attributes.h ko a ayyana shi da hannu a matsayin ENODATA, takwaransa na Linux.

Inda gizo ke saƙa shi ne macOS. Can ma akwai sys/xattr.h tun daga sigar 10.4, kuma sunayen getxattr da setxattr ba su canza ba, amma getxattr na Linux abubuwa huɗu yake karɓa, na Apple kuwa shida, domin an ƙara masa position, wanda ake buƙata wajen karanta wani xattr na Apple mai suna com.apple.ResourceFork, da kuma options. Haka nan babu lgetxattr a can, wato aikin Linux da ke karanta xattr ba tare da bin mahaɗar fayil (symlink) ba. Wanda ba ya son a bi mahaɗar fayil sai ya miƙa XATTR_NOFOLLOW. Saboda haka binciken Autoconf, manhajar da ke duba abin da na'ura ke da shi kafin a harhaɗa shiri, da ya tsaya ga tambayar ko sys/xattr.h yana nan zai amsa da eh, sannan harhaɗa manhajar ta gagara.

FreeBSD ta ɗauki tata hanya daban, da sys/extattr.h da extattr_get_file, kuma a ganina wannan ya fi sauƙin sha'ani, domin bambancin a fili yake. A can ba a rubuta "user." a farkon sunan xattr kamar yadda ake yi a Linux, ana miƙa EXTATTR_NAMESPACE_USER ne a ware. Jerin sunayen da take mayarwa ma kowanne yana farawa da bayit guda mai nuna tsawonsa, alhali a Linux bayit ɗin sifili ne ke raba su.

Abin da nake yi shi ne in sa tsarin gini ya gwada harhaɗa ɗan ƙaramin shiri mai kiran getxattr da abubuwa shida, sannan in tattara duk layukan #ifdef, masu zaɓen lambar da ta dace da kowane tsari, a fayil guda, sauran manhajar ta riƙa kiran aikin da na rubuta a cikinsa.