Wata manhaja ta ƙwace min fayiloli

Jama'a, ina sabunta wata manhajar kallon bidiyo sai ta mamaye duk karatun malamai da na tara a kwamfuta. Har tambarin fayilolin ya canza, gabana ya faɗi, don tarin shekaru ne.

Ashe lafiyarsu ƙalau. Windows ƙarshen sunan fayil yake dubawa, irin su .mp3 ko .pdf, ya miƙa wa manhajar da aka ɗora a kai. Ita wannan ta ɗora kanta ba ta tambaye ni ba, abin da ya fi ɓata min rai ke nan.

Na danna fayil ɗaya da maɓallin dama na linzami, na shiga Open with, sai Choose another app, na zaɓi tsohuwar manhajar da ke buɗe su a da, na danna Always. Duk .mp3 suka dawo. Su .wav sai da na bi su daban.