Abin da fitilun bakin tasha suka koya mini

Duk lokacin da na zo hutu Gombe, tambayar da 'yan uwa suka fi yi mini ita ce yadda ƙaton jirgin ruwa yake gane hanyar shiga tasha da dare, tunda ruwa ba shi da kwalta. Amsar da nake ba su, fitilu biyu ne.

Ana kafa su a tudu, a miƙe da tsakiyar hanyar da aka yashe. Ta gaba gajera ce, ta baya kuwa an ɗaga ta sama kuma an ja ta nesa. Idan matuƙi ya hango ta baya zaune daidai a kan ta gaba, to yana tsakiyar hanya. Da zarar sun rabu, ya kauce, sai ya karkata wajen ɓangaren da ta ƙasa take. Da rana alluna masu ratsi ne suke yin wannan aikin. Dabarar tsohuwa ce, tun 1763 ake amfani da ita a tashar Liverpool ta Ingila. Masuntan Dadin Kowa ma sun san irinta, in suka daidaita wata bishiya da wani dutse don su koma inda suka zuba koma.

A makarantar koyon aikin jirgi ta Oron na haddace wannan, amma a bakin aiki na gane nauyinsa. Goshin jirgi yana iya fuskantar fitilun sak, kamfas, wato na'urar nuna alƙibla, ma ya nuna lambar da ake so, alhali igiyar ruwa tana ɗebe jirgin gaba ɗaya zuwa gefe, inda yashi yake. Kamfas inda ka dosa yake faɗa. Fitilun nan inda kake suke faɗa. Shi ya sa gogaggen matuƙi kan ɗan karkatar da goshin wajen da ruwa ke tahowa, jirgin yana tafiya kamar a kaikaice, amma fitilun suna haɗe. Wani dattijon matuƙi ya sha ce mini, "Yaro, kada ka jira su rabu sosai. Jirgi mai kaya ba ya juyowa da wuri."

Suna da iyakarsu kuma. Ba za su gaya maka nisan da ya rage ba, ko inda za ka sha kwana. Wannan aikin taswira ne da alamomin da ke kan ruwa. A Legas, hazon hunturu yakan dusashe su, hasken gari kuma ya ruɗa ido.

Abin da ke damuna shi ne ganin ƙannenmu a wannan aiki sun kafe ido a allon GPS ba sa leƙa taga. Na'urar tana da kyau, ni ma da ita nake aiki. Amma tana iya yin kuskure, kuma da layin fitilun nan, wanda aka rubuta kusurwarsa a taswira, muke auna kuskuren kamfas ɗinmu kafin mu shiga matsatsiyar hanya.